Masu Fararen Riguna: Yadda Majami'un Aladura Suka Biyo Layin Dogo Suka Kafu A Arewa

Duk wanda ya taɓa buɗe shago da sassafe a Sabon Garin Kano ko na Zariya, ko ya ratsa wasu unguwannin Kaduna da Jos a ranar Lahadi, ya san su ko da bai san sunansu ba. Maza da mata ne cikin fararen riguna har idon sawu, matan sun rufe kai da farar hula, wani yana kaɗa ƙararrawa a gaba, wasu kuma babu takalmi a ƙafarsu. Da dare akan jiyo waƙarsu da tafi da ganga daga wani ɗan ƙaramin gini, wani lokaci har gabanin asuba.

Kusan shekara 100 ke nan ana zaune da su a garuruwan Arewa, ana saye da sayarwa, ana aiki a ofis ɗaya, amma kaɗan ne za su iya faɗin daga ina suka fito. Wasu na ɗaukarsu 'yan bori ne da suka canja kaya. Wasu kuma na ganin Kirista duk ɗaya ne, babu wani bambanci a tsakaninsu. Duka biyun kuskure ne, kuma masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A garuruwan da jita-jita kan addini ta sha jawo ƙone kasuwa, sanin maƙwabci na cikin abubuwan da ke tsare rai da dukiya.

Sunan da ya haɗa su shi ne Aladura, kalmar Yarabanci mai nufin masu addu'a. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin wani abu da ya sani a cikinta ba, domin masana harshe na danganta “adura” da kalmar Larabcin nan da mu ma muka aro muka ce addu'a. Haka nan “woli”, sunan da suke kiran mai gane-gane a cikinsu, daga “wali” aka samo shi. Aladura ba coci ɗaya ba ne. Gungun majami'u ne da 'yan Afirka suka kafa da kansu, ba tare da Bature ya shugabance su ba, kuma ɗaya daga cikin manyan rassansu a Arewa aka haife shi.

Annobar 1918 ce mafari

A watan Satumban 1918 annobar murar da ta game duniya ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan ta bi dogo da koguna ta shiga ƙasa har Kano. An ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya cikin 'yan watanni. Asibitocin Turawa kaɗan ne, kuma su ma ba su da maganinta. Masu maganin gargajiya sun yi iya yinsu abin ya faskara. Hukuma ta hana taruwa, aka rufe makarantu da wuraren ibada a garuruwa da dama.

A Ijebu-Ode, cocin Angilika na St. Saviour na cikin waɗanda aka rufe. Sai wasu mabiyansa suka riƙa haɗuwa suna addu'a a ƙarƙashin wani maƙerin zinare mai suna Joseph Sadare. Wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, ta ce an nuna mata cewa ruwan sama da addu'a su ne maganin cutar. Mutanen da suka rasa inda za su sa kansu suka yi ta tururuwa. Wannan ƙungiya, wadda ake kira Okuta Iyebiye, wato dutse mai daraja, ta saɓa da shugabannin Angilika a kan ƙin shan magani da ƙin yi wa jarirai baftisma, har ta fice a 1922. Shekara guda bayan haka ta haɗa kai da wani coci na birnin Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wanda littattafansa ke zuwa ta gidan waya.

Akawuna da ma'aikatan gwamnati ne suka fi karanta waɗannan littattafai, kuma aikinsu na sauyin gari ne. Ta haka rassan ƙungiyar suka bayyana a Minna da Jos da Zariya tun cikin shekarun 1920.

Gurgun Ikare da budurwar Legas

Masu fararen rigunan da aka fi gani a Arewa, wato Kerubim da Serafim, tushensu daban ne. Moses Orimolade Tunolase mutumin Ikare ne, a Jihar Ondo ta yanzu, an haife shi wajajen 1879. Gurgu ne, bai yi karatun boko ba, amma ya shafe shekaru yana yawon wa'azi gari-gari. Masu rubuta tarihinsa sun ce ya bi ta Kabba da Bida har ya kai Zariya da Kano da ƙasar Borno, sai dai bai samu mabiya masu yawa a can ba saboda Musulunci ya riga ya yi jijiya. Ya isa Legas a 1924, shekarar da wata annoba da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a birnin. Saboda yawan addu'arsa mutane suka laƙaba masa Baba Aladura.

A watan Yunin 1925 wata budurwa mai shekara 17, Christiana Abiodun Akinsowon, ta je kallon jerin gwanon wani bikin 'yan Katolika. Ta ce ta ga mala'ika, ta dawo gida ta faɗi, ta yi kwanaki ba ta cikin hayyacinta. Aka kira Orimolade ya yi mata addu'a, ta farfaɗo tana ba da labarin abin da ta ce ta gani. Gidan ya cika da masu zuwa ji, daga nan taron ya zama ƙungiyar addu'a. A watan Satumba na shekarar aka sa mata suna Serafim, a 1926 aka ƙara Kerubim. Duka sunaye ne na jinsin mala'iku a Littafi Mai Tsarki, kuma mabiyan sun ɗauki Mala'ika Mika'ilu a matsayin madugunsu. Farar rigar ma daga nan take, kwaikwayo ne na suturar da suka yi imani mala'iku ke sawa.

Da farko ba su ɗauki kansu coci ba. Mutum kan je cocinsa na Angilika ko Methodist da safe, da yamma ya zo taron addu'a. Matsin da shugabannin waɗancan majami'u suka yi musu ne ya tura su waje. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1929 Orimolade da Abiodun, wadda ake yi wa laƙabi da Kyaftin, suka rabu, kowa ya ja mabiyansa. Bayan haka wasu ma suka ɓalle a Legas da garuruwan Yamma. Orimolade ya rasu ranar 19 ga Oktoban 1933 ya bar ƙungiyar a rarrabe, Abiodun kuwa ta rayu har 1994.

Direban da ya ajiye aiki

Shekarar 1930 ta zo da wani babban motsi. Joseph Ayo Babalola, wanda aka haifa a 1904 a Odo-Owa, cikin Lardin Ilori na Arewar wancan zamani, direban motar daɓe titi ne a Ma'aikatar Ayyuka. A watan Oktoban 1928 ya ce ya ji murya ta umarce shi ya bar aiki ya kama wa'azi. A Yulin 1930 ya yi wani taro a Oke-Oye cikin garin Ilesa, labari ya bazu cewa marasa lafiya na warkewa ta addu'a da ruwan da ya sa wa albarka. Dubban mutane suka yi makonni suna kwarara garin, da yawa suna kawo layu da gumakan gidajensu ana ƙonawa. Lokacin ne kuma kasuwar duniya ta karye, farashin koko da gyaɗa ya faɗi, albashi ya ragu, aka sallami ma'aikata.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta saki jiki da taron da babu Bature a kansa ba. A 1932 aka ɗaure Babalola wata shida a birnin Benin bisa zargin da ya shafi kiran wasu da maita. Neman inuwa ne ya sa shugabannin suka gayyato 'yan mishan na cocin Apostolic daga Ingila a 1931, amma zaman bai ɗore ba. 'Yan Afirka sun gano baƙin na shan kwinin don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, suka ce wannan rashin dogaro ga Allah ne. A kan wannan ƙwaya aka rabu wajajen 1940, aka kafa Christ Apostolic Church, wanda aka yi wa rajista a 1943. Shugabansa na farko, Isaac Akinyele, shi ne ya zama Olubadan na Ibadan a 1955. Mabiya wannan coci ba sa sa farar riga, amma tushensu ɗaya da sauran.

Akwai wasu manyan rassa biyu. Josiah Ositelu, tsohon malamin cocin Angilika, ya kafa Church of the Lord a Ogere a 1930, ya bazu har Laberiya da Saliyo da Ghana. Sai Celestial Church of Christ, wanda wani kafinta, Samuel Oshoffa, ya kafa a Porto-Novo ta ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ranar 29 ga Satumban 1947. Ya shigo Legas ta hannun masunta a 1950. Idan aka ga mai farar riga yana tafiya a titi babu takalmi duk zafin kwalta, galibi ɗan wannan coci ne, domin dokarsu ta hana haɗa rigar da takalmi.

Dogo da Sabon Gari

Yadda suka iso Arewa ba ya rabuwa da tarihin jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajajen 1913 domin baƙin da suka zo aikin reluwe da kamfanonin Turawa. Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Layin Gabas daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna a 1927, na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Funtuwa da Gusau ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma a 1930. Kowace tasha tana buƙatar akawu da mai buga waya da makaniki da kafinta, kuma a wancan lokaci mafi yawansu daga Kudu ake kawo su. A bayansu sai dillalan gyaɗa da auduga, da teloli, da mata masu sayar da atamfa.

Tun 1903 Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnati ta taƙaita wa'azin mishan a cikin biranen Musulmi. Kiristan da ya zo daga Kudu, a Sabon Gari zai zauna, a nan kuma zai yi ibadarsa. Mutum ne da ya baro danginsa da nisan kwana biyu a jirgi, ba ya jin harshen gari sosai, yana fargabar ciwo da korar aiki da makircin abokan aiki. Ɗakin addu'a ya zame masa dangi. A nan ake raɗa wa ɗansa suna, a nan ake haɗa masa kuɗi idan ya kwanta ciwo, a nan sabon zuwa ke samun masauki kafin ya samu aiki. Shi ya sa taswirar waɗannan majami'u a Arewa ta yi kama da taswirar tashoshin jirgi. A Jihar Katsina, Funtuwa ce dogo ya ratsa. Wanda ya taso a ƙauyukan Batsari ko Safana, irin su Babban Duhu, zai iya girma bai taɓa ganin mai farar riga ba sai ranar da fatauci ko aikin gwamnati ya kai shi birni.

Rabuwar da aka yi a Legas ta jefa rassan Kerubim da Serafim na Arewa cikin tsaka mai wuya, domin a ɗaki guda akwai mai goyon bayan Orimolade da mai goyon bayan Abiodun, kuma su baƙi ne marasa yawa da ba za su iya ɗaukar rarrabuwa ba. Sun yi shekaru suna ƙin bin kowane ɓangare, suna neman a sasanta. Da abin ya ci tura, a 1941 suka haɗa kansu suka kafa ƙungiya mai cin gashin kanta, da hedikwata a Kaduna, ƙarƙashin jagorancin Nathaniel Ekundayo Coker. Ita ce a yau ake kira Cherubim and Seraphim Movement Church, wadda aka fi sani da gaisuwar mabiyanta, “Ayo ni o”, wato farin ciki ne. Daga Kaduna ta koma ta bazu Legas da sauran Kudu, har Ingila da Amurka, ta zama ɗaya daga cikin manyan rassan Kerubim da Serafim.

Duk da haka ba su shiga cikin Hausawa sosai ba. Ibadarsu da Yarabanci aka gina ta, waƙoƙinsu ma haka, kuma ba su kafa makarantu da asibitoci a karkara kamar 'yan mishan ba. Hausawa Kiristoci, irin na Wusasa da na yankin Malumfashi, galibinsu ta hannun Angilika da ECWA da Katolika suka karɓi addinin.

Abin da ke cikin ɗakin addu'a

Musulmin da ya leƙa zai ga abubuwan da ba su yi masa baƙo ba. Ana cire takalmi a ƙofa. Mata na rufe kai, kuma a yawancinsu maza na gefe guda mata na gefe guda. Mace mai al'ada ba ta shiga sai ta yi tsarki. Suna yawan azumi da tsayuwar dare, suna sa goshi a ƙasa. 'Yan Celestial sun haramta wa kansu naman alade da giya da taba. Wasu rassan ba su kori mai mace fiye da ɗaya ba, abin da ya sa 'yan mishan suka daɗe suna yi musu kallon waɗanda ba su gama barin al'ada ba. A aƙida kuwa Kiristoci ne cikakku, sun yarda da Triniti da baftisma da Littafi Mai Tsarki.

Abin da ya bambanta su da sauran Kiristoci shi ne nauyin da suke ɗora wa mafarki da gane-gane da warkarwa. Ana karanta Zabura a kan ruwa ko man zaitun a ba maras lafiya ya sha ko ya shafa. Ana kunna kyandir da turaren wuta, ana hawa duwatsu na musamman don keɓewa da addu'a. A tsakiyar waƙa wani kan kama rawar jiki, ya yi magana da ake ɗauka saƙo ne, wani na gefe yana rubutawa.

Wannan rawar jiki ce ta sa ake haɗa su da bori. Amma ɗan bori yana neman shiri da iskoki ne, ya san sunan kowanne da kiɗansa da abin da yake so a yanka masa. Ɗan Aladura kuwa yana ɗaukar irin waɗannan iskoki abokan gaba da ake kora, yana cewa abin da ke sauko masa Ruhu Mai Tsarki ne. Dukansu sun yarda akwai maita da sammu da aljanu, a yadda za a yi da su ne suka sha bamban.

Haka kuma sun bambanta da majami'un Turai da Amurka masu da'awar magana da ruhin matattu. Waccan ɗariƙa ta samo asali ne a 1848 a ƙauyen Hydesville na Jihar New York, inda wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, suka ce wani mamaci na ƙwanƙwasa musu bango. A 1888 Margaret ta fito fili ta ce da gaɓoɓin yatsun ƙafa suke yin ƙarar, ko da yake daga baya ta janye maganar. Aladura ba sa kiran matattu. A al'adar Kerubim da Serafim, ko gawa ba a shiga da ita ɗakin addu'a.

Suka da matsayinsu a yau

Ba su tsira daga suka ba. Tun 1960 Wole Soyinka ya yi wasan kwaikwayon The Trials of Brother Jero, inda ya zolayi masu gane-ganen bakin tekun Legas da ke cin kasuwa da tsoron mutane. Tunda kowa na iya cewa an nuna masa abu a mafarki, ƙofar damfara a buɗe take, haka ma ƙofar ɓallewa, shi ya sa rassan suka yi yawa. Likitoci sun daɗe suna kokawa kan majinyata da mata masu naƙuda da ake tsarewa a ɗakin addu'a har lokaci ya ƙure kafin a kai su asibiti. Zargin maita kuma ya raba iyalai da dama. Mai karatu ya san waɗannan matsaloli ba a gida ɗaya suka tsaya ba, domin a namu unguwannin ma akwai masu cin abinci da rigar malanta.

Ta wani ɓangaren kuma, tasirinsu ya wuce yawansu. Josiah Akindayomi, wanda ya kafa cocin Redeemed a 1952, daga Kerubim da Serafim ya fito, kuma a wannan coci ne tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo yake fasto. Ganga da rawa da kwanan addu'a da ake gani yanzu a kusan kowane coci a Najeriya, Aladura ne suka fara ɗaukar zagi a kansu. A Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, wadda aka kafa a 1976, majami'un da 'yan Afirka suka kafa na da rukuninsu cikin rukunai biyar, kuma a 2022 shugabancin ƙungiyar ya faɗo hannun ɗan wannan rukuni, Daniel Okoh.

Reshen da aka haifa a Arewa kuwa hedikwatarsa ta duniya ba ta Kaduna yanzu. A zamanin Samuel Adefila Abidoye, wanda ya hau shugabanci a 2006 ya rasu a 2023 yana da shekara 103, an mayar da ita Orile-Igbon a Jihar Oyo. Wannan ƙaura ta zo ne a shekarun da suka biyo bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, waɗanda suka raba mazauna Kaduna gida biyu, kowa ya koma gefen kogin da ya fi samun natsuwa. 'Yan kasuwar da suka ga wancan zamani sun san abin da aka yi asara, na abokan ciniki da masu haya da amanar da aka shekara ana ginawa.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, zai yi abin da tsohon layin ya yi wa Zariya da Funtuwa da Gusau: zai kawo kaya, zai kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga nesa, kowa kuma zai zo da yadda yake bauta wa Ubangijinsa. Garuruwan da za su karɓi waɗannan baƙi na da tarihin shekara 100 na Sabon Gari da za su duba, su ga inda zama ya yi daɗi da inda ya ɓaci, tun kafin jirgin farko ya tsaya a tasha.